Cokalin kashkash giram nawa ne? Ku taimaka min kafin Alhamis

Maman Hanan:
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da yamma. Dan Allah masu kek na gidan nan ku agaza min. Akwai wani kek ɗin lemon tsami da wata Ba'amurkiya ta yi a YouTube, irin mai ɗigo-ɗigon baƙi a ciki, tun da Hanan ta gani ta kafe ita shi take so a walimar saukarta ranar Alhamis. To komai da kofi da cokali matar ta auna, ni kuma tun da na sayi sikeli na rabu da awon kofi, fulawa da suga na san lissafinsu amma 'ya'yan nan da take ce wa popi sid su ne suka tsayar da ni. Babban cokali 3 ta zuba, ni kuma ninki 4 zan yi. Giram nawa ke nan? Ƙanwata ce za ta shigo umara daga Landan ranar Laraba so nake ta riƙo min daidai wanda zai isa, don na zaga wajen masu attara, wato masu kayan ƙamshi, a Bab Makka nan Jidda ban samu ba

Zee mai kek:
Wa alaikumus salam Maman Hanan, Allah Ya sa albarka a karatun. Shi ne Larabawa ke ce wa kashkash. Ƙaramin cokalin awo a shafe giram 2.8 ne, babban cokali giram 8.8, ki ce 9 kawai. Kofin Amurka cokali 16 ne saboda haka zai ba ki wajen giram 140, rabin kofi 70, kwata 35. Naki cokali 3 ya kama 26 da 'yan kai, ninki 4 kuma cokali 12, wato kwata uku na kofi, wajen giram 105

Ummu Khalil:
Innalillahi. Maman Hanan ki tsaya, dan girman Allah kar ki sa yarinyar nan ta ɗauko miki shi. Ai dalilin da ya sa ba ki samu a Bab Makka ba ke nan, haramtaccen kaya ne a nan Saudiyya, ba a sayarwa ba a shigo da shi, ko a jaka ko ta saƙo. Ki kira ta yanzu yanzu idan har kin riga kin yi mata maganar

Maman Hanan:
Subhanallah, kayan kek ne fa Ummu Khalil? A can a kanti ake sayar da shi kusa da kirfa da citta, ta ma taɓa turo min hotonsa

Ummu Khalil:
Wlh da gaske nake. A can halal ne a doka, a nan ba haka ba, haka ma Imarat, ƙasar su Dubai, haka Singafo. Ni a gabana aka yi, muna dawowa daga gida shekaru uku da suka wuce wata baiwar Allah 'yar Indiya ce a gabanmu a layi, aka buɗe jakarta aka ciro wata 'yar leda da ba ta kai tafin hannuna ba, farare ƙanana kamar garin gero, tana ta rantsuwa na miya ne, kuma ni na yarda na miyar ne, amma haka aka wuce da ita ciki da ɗanta a hannu yana kuka. Mu dai muka fito ba mu sake ganinta ba. Har yau idan na tuna fuskar matar nan sai na ji ba daɗi. 'Yar uwarki ibada za ta zo yi, kar kek ya ja mata abin da ba ta ji ba ba ta gani ba

Zee mai kek:
Kai, gaskiyarki ne Anti, ni lissafin kawai na hango na manta da wannan ɓangaren sam. Ki yafe ni Maman Hanan. Lambobin dai daidai ne amma kar a kawo

Hajiya Babba:
Wai menene shi kashkash ɗin nan ne? Ko kuskus kuke nufi? Kuskus ai ga shi nan cike a baƙala, kantin unguwa

Nas Hauwa:
A'a Hajiya ba kuskus ba, shi kuskus ai daga alkama ake yinsa. Sunan ne ya yi kama, Indiyawa ma khas khas suke cewa shi ya sa ake yawan rikicewa. Wannan 'ya'yan wata fulawa ce, ita dai shukar da ake samun ofiyom daga jikinta, wanda daga shi ake fitar da mofin da kodin na asibiti. Su 'ya'yan a karan kansu ba su ne ke ɗauke da abin ba, ƙaron da ke jikin kwanson ne, to wajen girbi yana ɗan shafar 'ya'yan. Wanda ya ci burodi mai shi ba zai bugu ba, yara ma suna ci a Turai, amma idan aka yi masa gwajin fitsari bayan 'yan awoyi ana iya ganin alamar mofin. Ku duba fa mazajenmu da yawa direbobi ne, wasu a kamfani suke inda ake gwaji ba sanarwa, mutum ya ci kek a walima bai san komai ba gobe a ce an ga abu a fitsarinsa, da wane baki zai yi bayani ga igama, takardar zamansa, a hannun mutane. Sannan ɗanyensa iri ne, idan aka watsa a ƙasa zai iya tsirowa

Maman Hanan:
Na kira ta yanzu, Allah Ya taimake ni ba ta saya ba, gobe ta yi niyyar shiga kanti. Jikina har rawa yake wlh. Allah Ya saka da alheri Ummu Khalil, Ya rufa miki asiri kamar yadda kika rufa min. To yanzu ya zan yi da Hanan, ita ɗigo-ɗigon nan take so

Zee mai kek:
Mafi mushkila, ba matsala, ni duk odar da aka ce min irin wannan kek ɗin da ciya nake yi, wasu ƙananan 'ya'ya ne da Turawa ke ce wa chia, baƙar, buzur shiya suke ce mata a nan kuma duk babban kanti akwai. A ido ba mai bambancewa sai wanda ya san asalin. Amma a nan ne maganar awon ta dawo, kar ki ce cokali 3 aka ce bari na zuba cokali 3, kuma kar ki ce giram 26 aka ce bari na zuba 26. Ita ciya ta fi nauyi a cokali, a sikelina 11 zuwa 12 take ba ni, sannan shan ruwa gare ta, tana iya shanye ninki 10 na nauyinta ta yi yauƙi kamar an jiƙa karkashi. Kashkash ba ya haka, yadda kika zuba shi haka zai fito. Ni giram 20 nake sa wa kowane kek ɗaya, naki 80 ke nan, kuma ita ce ƙarshen abin da zai shiga kwaɓin, kina juyawa sai cikin furun, wato oven. Idan kika bar shi ya zauna minti 15 za ki dawo ki tarar ya yi kauri ya ƙi zuba

Anti Gadarif:
Ni kam riɗi zan ce. Baƙin riɗi ki ɗan soya shi sama-sama a busasshen kasko har ki ji ƙamshi ya tashi. Ciya ba ta da ɗanɗanon komai, shi kuwa kashkash an ce ɗan gardi gare shi kamar na gyaɗa, to riɗi ne ya fi kusa da shi a baki, a nauyi ma kusan ɗaya suke, cokali giram 9, ba sai kin canza lissafin Zee na farko ba. Mu da muka tashi a Gadarif a cikin riɗi muka buɗe ido, lokacin girbi gari gaba ɗaya ƙamshinsa yake, kantu kuwa sai dai ki gaji

Zee mai kek:
Ɗanɗano kam riɗi ya fi Anti, ban musa ba. Sai dai ƙwayarsa ta fi girma kuma ƙamshinsa yana danne lemon tsamin, sai kek ɗin ya koma na riɗi. Yarinya ce, da ido take so

Hajiya Babba:
To habbatus sauda fa? Ga ta baƙa ga albarka, a kan burodin tamis ma ana barbaɗawa

Ummu Khalil:
Albarka kam akwai Hajiya amma cokali 3 a kek mai zaƙi ɗaci zai yi, ba mai iya ci. Ita ɗan kaɗan ake sa wa a saman burodi ko sambusa

Hajiya Babba:
Ni fa abin nan naku na giram giram yana ba ni mamaki. Shekarata 41 a Makka, alkaki da dubulan da nakiyar bikin rabin 'yan matan Shara Mansur daga hannuna suka fita, ban taɓa ɗora komai a mizani ba. Gwangwani ɗaya gare ni na madara tun zuwana, da shi nake awo, sauran kuma hannu ne yake faɗa min, idan na damƙi kwaɓi na san ya yi ko da saura. Ku yanzu idan batirin sikeli ya mutu shi ke nan an fasa girki? Ku koyi hannu 'ya'yan nan, hannu ba ya mutuwa sai mai shi ya mutu

Zee mai kek:
Allah Ya ƙara lafiya Mama, ba mai ja da hannunki, ni ma alkakinki aka kai ni ɗaki da shi. Amma ki duba, gwangwaninki ɗaya ne hannunki ɗaya ne fulawar da kika saba ita ce, shi ya sa kullum yake fitowa daidai. Ranar da kika ce min in zuba gwangwani 4 na je gida na yi da nawa gwangwanin, alkakin nan haƙori bai iya shiga ba. Shi dubulan yana ba ki dama ki taɓa ki ƙara ruwa ki ƙara gari, kek ba ya ba da wannan damar, idan ya shiga furun magana ta ƙare. Kofin fulawa ɗaya idan kika zuba da cokali a hankali kika shafe giram 120 zuwa 125 ne, idan kika luma kofin cikin buhu kika danna zai kai 150 ko fiye, kofi 3 ke nan kin ƙara kusan kwata uku na kofi ba ki sani ba. Ga damshin Jidda, fulawar da ta kwana a buɗe duk ta dunƙule. Ni kuma sana'a nake, wadda ta saya yau ta dawo jibi irin na jiya take so

Hajiya Babba:
To ai da kin zo kin zauna kusa da ni kin gani da idonki da bai yi tauri ba. Ku ba ku son zama ne, komai a waya

Zee mai kek:
Haka ne Mama kuma zan zo insha Allah, amma da sikelina zan zo, duk abin da kika damƙa in ɗora in rubuta, saboda jikokinki na Kano da ba za su samu zama kusa da ke ba

Hajiya Babba:
Ki zo bayan la'asar ranar Asabar. Ki taho da tsamiya tawa ta ƙare

Malama Rabi:
Ni abin da ya burge ni a maganar nan ba sabuwa ba ce. Ku duba zakkar kono, sa'i ɗaya aka ce, mudun Annabi 4, kuma shi sa'i awo ne na cika ba na nauyi ba, kamar dai kofin da kuke magana. Da mutane suka koma saye da kilo sai malamai suka zauna suka ɗora a mizani, Shaikh Ibn Baz ya ce wajen kilo 3, shi ya sa za ku ga buhunan shinkafar zakka na kilo uku-uku a ƙarshen Ramadan, Shaikh Ibn Usaimin kuma da ya auna da alkama mai kyau ya samu kilo 2 da giram 40. Sa'in dabino da na shinkafa da na sha'ir ba za su taɓa yin nauyi ɗaya ba duk da kwano ɗaya ne. Akwai ma hadisi a Abu Dawud da Nasa'i cewa awon nauyi na mutanen Makka ne, awon cika kuma na mutanen Madina, don su 'yan Makka fatake ne da zinari da azurfa suke hulɗa, 'yan Madina manoma ne da dabino da hatsi. Saboda haka Hajiya da Zee kowacce tana da asali

Maman Sudais:
Masha Allah Malama. To tambayata, shi kashkash ɗin haramun ne a addini ko dokar ƙasa ce kawai? Don wlh na ci a Turkiyya bara, wani burodi ne mai ninki-ninki da aka shafa masa niƙaƙƙen a ciki, mai masaukinmu 'yar garin Afyon ce ta ce can ne gidansa. Ban san komai ba na ci har na ƙara

Malama Rabi:
Ki kwantar da hankalinki 'yar uwa. Musulmin Turkiyya da Indiya da Fakistan suna ci a abincinsu na yau da kullum, ba kuma ya bugarwa kamar yadda Nas ta yi bayani. Maganar da ake yi ta dokar ƙasar da muke zaune ce, an hana to mu hanu, ko a aljihun jaka kar a bari ya maƙale. Idan kin je can kin ci a can ki bar shi a can, har burodin kar ki yo tsarabarsa

Maman Sudais:
To alhamdulillah. Da ma na so tambaya don akwai wata miyar kaza ta Indiyawa, korma, da nake son gwadawa, a ciki an ce a jiƙa farin kashkash cokali 2 a markaɗa

Ummu Khalil:
Maƙwabciyata 'yar Haidarabad ce, ita da kashu take yi tun da ta zo ƙasar nan, wani lokaci da 'ya'yan kankana ɓararru, ni kuwa na ce mata ai wannan ɗan uwan agushinmu ne. Aikinsa a miyar kauri ne kawai da ɗan maiƙo. Cokali 2 wajen giram 18 ne, ki auna kashu giram 20 ki jiƙa a ruwan zafi ki markaɗa ya yi laushi. Kar ki auna kashu da cokali, rabin cokalin iska ce

Nas Hauwa:
Wannan maganar iskar ita ce gaba ɗaya sirrin. Ruwa ne kawai mil 1 yake ba da giram 1. Duk wani abu mai ƙwaya akwai sarari tsakanin ƙwayoyin, kashkash ƙanana ne ƙwarai, giram 1 sai an tara fiye da guda 3,000, amma duk da haka cokali mai mil 15 giram 9 kawai yake ɗauka. Idan aka niƙa shi kuma lissafin ya canza, yana da mai sosai kusan kashi 40 cikin 100, sai ya yi dunƙule-dunƙule ya tashi, kofin niƙaƙƙe bai kai kofin tsaba nauyi ba. Haka riɗi, haka agushi. Shi ya sa idan an ce kofi ɗaya ki duba ko kafin niƙa ake nufi ko bayan niƙa

Zee mai kek:
Sannan su kansu cokulan ba ɗaya ba ne. Na Amurka mil 14.8, na Ingila 15, na Ostireliya 20 cif, wato ƙaramin cokali 4 maimakon 3. Kofin Amurka wajen 240, na Ostireliya 250. A popi ko ciya bambancin ba zai ɓata miki kek ba, amma a bakin hoda ko gishiri zai ɓata. Cokalin cin abinci na gida kuwa kar ma a sa shi a lissafi, na auna nawa guda uku ɗaya 8 ɗaya 11 ɗaya 13. Kuma a shafe ake nufi, ki bi ta kai da bayan wuƙa, idan ya yi tsororuwa kin kusa ninkawa

Anti Gadarif:
Bari na ƙara muku wani da ya taɓa cin kuɗina. Mu a Sudan da ratal muke saye, wajen giram 450, shi kuma ratal wugiya 12 ne, kowace wugiya giram 37 da ɗan kai. Da na zo nan wata 'yar Siriya ta ba ni yadda ake barazik, biskit ɗin nan mai riɗi, ta ce wugiya ɗaya ta samna, wato man shanu, na je na auna irin tamu, abu ya ƙi haɗuwa sai warwatsewa yake kamar yashi, na zubar da riɗi kusan rabin kilo. Ashe su wugiyarsu giram 200 ce. Ita kuma ta Turawa da ake fassarawa da wannan sunan giram 28 ce. Suna ɗaya nauyi uku. Tun ranar duk wadda za ta ba ni girki nake cewa faɗa min da giram yar uwa

Maman Hanan:
Ikon Allah, na zo tambayar cokali na samu makaranta. Amma Zee sikelina ba ya nuna ɗigo, daga 2 sai 3, idan na zuba abu kaɗan ma wani lokaci 0 yake tsayawa

Zee mai kek:
Duk na kicin haka suke, ƙasa da giram 5 ba su da tabbas. Ki ɗora kwano ki danna maɓallin da ke mayar da shi 0, ki zuba cokali 10 a shafe ki raba abin da ya nuna gida 10, kin samu nauyin cokalinki ke nan, ki rubuta a takarda ki manna a cikin murfin kabad. Naki na yanzu giram 80 ne a dunƙule ba matsala zai auna daidai. Yis da bakin hoda ne nake wa ɗan ƙaramin nan irin na masu zinari mai nuna 0.1

Maman Hanan:
To na yanke, zan yi uku da ciya ɗaya da baƙin riɗi saboda Anti Gadarif, kuma dukkanku ina gayyata Alhamis bayan magariba

Maman Hanan:
Salam, na dawo da labari. Daren jiya na gwada ɗaya kafin ranar. Ciya giram 20, na zuba a ƙarshe kamar yadda aka ce, ɗigon ya fito ras ko'ina Hanan har tsalle take. Sai dai na ga cikinsa ya ɗan fi na bidiyon tsotsewa, ba bushewa ba amma dai bai yi lema-lema ba, ga shi minti 50 ya yi a wuta mai digiri 175

Zee mai kek:
Ciyar ce ta sha nata. Ki ƙara madara ko laban, wato nono, babban cokali 2 a kowane ɗaya, wajen giram 30, ki fara soka tsinke tun minti 42. Kuma yana fitowa da zafinsa ki huhhuda samansa ki zuba ruwan lemon tsami da kika narkar da suga a ciki. Na riɗin kar ki ƙara masa komai, giram 26 ɗin nan ki soya ki bari ya huce kafin ya shiga

Anti Gadarif:
Ki ajiye min gefen na riɗin, daga wajen aiki zan wuto sai wajen isha